Lambobi Uku a Cikin Gwangwani

Na daɗe ina jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin yadda na ceto maganar kakanku daga cikin tsohuwar kwamfuta, kuma a kowane baki labarin ƙara tsawo yake yi. A bakin Hadiza kwana uku na yi ina fama da ita ko abinci ban ci ba. A bakin Nasiru har sukudireba na riƙe a haƙori. Ban taɓa ƙaryata ku ba, domin malamin makarantar da ya yi ritaya ba ya samun yabo mai yawan da zai riƙa mayar da wani. Amma tunda likita ya hana ni gishiri, ina ganin ya kamata labarin nan ma a rage masa nasa. Ga yadda abin ya faru.

Kwamfutar tsohuwa ce tun ranar da na saye ta. Tokumbo ce, wato kayan da Turawa suka gama mora aka loda mana a jirgin ruwa, kuma ko a cikin tokumbon ita ce kakarsu. Wannan kuwa a tsakiyar shekarun casa'in ne, lokacin da in mutum ya ce yana da kwamfuta a unguwar Sabo ta Ibadan sai a zo kallo kamar an haifi ɗan maraƙi mai kai biyu. Baƙin allo ne da ita da fararen haruffa, in an kunna ta sai ta yi gurnani kamar injin markaɗe kafin ta yarda ta gaishe ka. A gefen akwatinta akwai wata 'yar takarda da aka manna da salatif, an ja mata layi gida-gida, an rubuta lambobi uku da biro da wasu haruffa a sama. Ni kuwa na shekara ashirin ina yi wa yara faɗa a kan tsaftar bangon littafi. Na sa farce na ɓamɓare ta, na duƙunƙune, na jefar a tsakar gida, na goge gurbin da kananzir. Ku riƙe wannan takarda a ranku, domin ni ban riƙe ta ba.

Wanda ya sama wa kwamfutar aiki kakanku ne, Alhaji Isiyaku, wanda mu muke kira Baba. Ya baro ƙauyensu na ƙasar Kano yana saurayi bayan wani saɓani da wansa a kan gona, ya biyo masu shanu har Ibadan, ya koma fataucin goro, ya yi aure, ya haife mu, bai sake taka garinsu ba. Bai kuma taɓa ba mu labarin ba. Sai da ƙafa ta hana shi fita kasuwa, wata ranar Asabar da hantsi, ya aiko a kira ni.

"Kai ɗan boko," in ji shi, "akwatin nan naka, in aka zuba masa magana yana riƙewa?"

"Yana riƙewa, Baba. Ya fi takarda."

"Ya fi takarda. To ya fi mutum?"

"Nesa ba kusa ba. Ba ya mantuwa."

"Allah ya sa. Ɗauko shi, ina da magana."

Wata bakwai muka yi a haka. Kowace Asabar da Lahadi, in akwai wuta, sai in ɗora akwatin a kan teburin ɗakinsa, shi yana kishingiɗe yana goga goro a magogi saboda haƙora sun ƙare, yana faɗa ina bugawa. In ya ga na tsaya sai ya ce, "Rubuta mana, ko akwatin ya ƙoshi?" Ya faɗi zango-zangon da suka yi da shanu, da wanda ya fara saukar da shi a Sabo, da yadda ake gane goron da zai kai arewa bai yi tsutsa ba. Can wajen ƙarshe, wata Lahadi, ya sa na rufe ƙofa. Ya ce ya yafe gonar, kada wani daga cikinmu ya taɓa zuwa neman ta. Sannan ya jero sunayen mutanen da yake neman gafararsu, kowa da sunan ubansa da abin da ya shiga tsakaninsu, ya ce in ya mutu a karanta wa dangi in sun zo, su kai saƙon gida. Sau ɗaya ya faɗa, bai maimaita ba.

A nan zan faɗi abin kunya na farko. Wanda yake buga rubutu ba ya jin magana. Daga kunne take wucewa zuwa yatsu, ba ta biyawa ta zuciya. Ga shi kwamfutar ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba, hankalina duk yana kan inda zan sa 'yar alamar da za ta raba su da sauran haruffa. Mahaifina yana sauke nauyin shekara sittin, ni ina gyaran ƙa'idar rubutu. Da aka tashi, da za a sa mini wuƙa a wuya ba zan kawo sunaye uku a jere ba.

Baba ya rasu a tsakiyar damina. Aka aika arewa, amsa ta dawo ta bakin wani direban motar albasa da ke sauke kaya a kasuwar Shasha: ɗan wan Baba, Malam Hudu, zai zo sadakar arba'in da mutum biyu. Wannan ne karo na farko da wani daga can zai taka gidanmu. Na bugi ƙirji a gaban yayyena na ce za a ba su maganar Baba a buge, shafi-shafi. Saura kwana tara na kunna kwamfutar don in kai rubutun a buga. Ta yi gurnaninta, ta yi ƙara sau biyu, ta rubuta cewa ba ta ga faifan ciki ba, wato babban faifan da ke cikin akwatin wanda komai ke ajiye a kansa. Na kashe na kunna. Na kashe na kunna. Na bubbuga gefenta kamar yadda ake yi wa rediyo. Ba ta canja magana ba.

Sai na aika aka kira Ɗanlami mai gyaran rediyo. Kun san shi, abokina ne tun muna yara, kuma Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ganin abin da ya ce ya fi ƙarfinsa ba. Ya taɓa zama mako biyu a shagon wani mai kwamfuta, tun daga nan ya ƙara wa allon shagonsa kalma ɗaya. Ya zo da nasa ƙaramin faifai, irin wanda ake zurawa ta gaba, ya tashe ta da shi, ya danna nan ya danna can, ya kaɗa kai.

"Tica, faifan nan ya rikice. Sai an yi masa fomat."

"Me fomat zai yi masa?"

"Kai da kake koyar da Turanci kake tambayata? Share shi za a yi tas, a sake ja masa layi kamar sabon littafi. Kana da kwafi?"

"Ina da kwafi," na ce, har da ɗan ɗaga kafaɗa. Ina da shi kuwa, a ƙananan faifai huɗu, a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Nufina a gyara babban, sannan a mayar masa da abin da ke kan ƙananan.

Mahaifiyarku tana bakin ƙofa tana ƙulla yaji a leda, domin a lokacin yajinta da daddawarta har daga unguwar Mokola ake aikowa saye. Ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Malam, kafin a zubar da na tulu, a leƙa randa mana."

"Rabi, wannan ba maganar ruwa ba ce."

"To. Ni dai na ga ba ka duba ba."

"Na sa su da hannuna, na kulle da hannuna. Ɗanlami, yi aikinka."

Wannan ne abin kunya na biyu, kuma shi ne babba. Da bakina na ba da izini a share maganar mahaifina, don kawai kada a ce na bi shawarar mai ƙulla yaji a gaban abokina. Ɗanlami ya buga umarnin, ya danna. Kwamfutar ta yi jim, ta rubuta cewa faifan da ake nufi ba ta san da shi ba. Ya sake bugawa a hankali, harafi-harafi, yana karantawa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Amsa ɗaya. Ya yi sau biyar. Ya cire hula ya share gumi, ya zagi kwamfutar da Hausa, ya ƙara da Yarbanci ko za ta fi ganewa.

"Taurin kai ne da ita kamar mai ita," in ji shi. "Akwai wani fomat ɗin mai zurfi, wanda ke tonowa daga tushe. Faifan da ake yin sa yana wurin wani mutumina. Jibi zan kawo shi, ko uwarta ce ta ƙera ta sai ta yarda."

Bayan ya tafi na ji haushin kwamfutar ƙwarai. Da la'asar, don in nuna wa mahaifiyarku kuskurenta, na jawo akwatin ƙarfen na buɗe. Wani wari ya tare ni, irin na tabarmar da ta kwana a ruwa. Daminar Ibadan kun san ta, takalmi ma in ya yi mako a ƙarƙashin gado gashi yake fitarwa. Na ja murfin faifai na farko na leƙa: fumfuna ta yi masa fure fari-fari. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu ya fi su kyan gani, na ruga da shi wani shagon buga takardu, injinsu ya yi ta tari da shi har mai shagon ya zare shi ya roƙe ni in tafi da abina. A hanyar dawowa na zauna a kan dakalin wani masallaci. A nan na gane cewa da kwamfutar nan ta yi mini biyayya da safe, da Baba ya mutu sau biyu, na biyun a hannuna.

Da na shiga gida mahaifiyarku ta dubi fuskata, ta dubi faifan, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Na shekara kusan talatin ina jiran ranar da za ta faɗi wannan kalma, har yau ba ta faɗa ba, kuma wallahi da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce shi ne akwai wata mai sayen daddawarta, Iya Bose, da ke da makarantar koyon buga rubutu a Mokola, kwamfutoci shida gare ta, kuma ita ke gyara abinta da kanta.

Washegari da safe muka naɗe akwatin a zanen mahaifiyarku, na rungume shi a bayan tasi kamar mai kai mara lafiya asibiti. Iya Bose mace ce mai jiki, da tabarau a rataye a wuya, ta yi aikin sakatariya shekaru kafin ta buɗe nata wurin. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo. Ta saurare ni har na gama, ta kunna kwamfutar, ta danna wani maɓalli da ban taɓa sanin yana da aiki ba, wani shafi ya fito.

"Malam, yau wace shekara?"

Na faɗa mata.

"To kwamfutarka ta ce muna farkon shekarun tamanin. Tun yaushe agogonta yake ƙarya?"

"Ya ɗan jima yana ja da baya. Na ɗauka tsufa ne."

"Tsufa ne mana. Akwai ɗan batir a ciki, shi ke riƙe mata agogo, shi ke tuna mata kamannin faifanta. Batir ya mutu, ta manta. Faifanka lafiyarsa ƙalau, ita ce ba ta gane shi ba. Wa ya ce a yi fomat?"

Na nuna ƙirjina da yatsa.

"Ha! Olorun ma je! Allah ya kiyaye! Mutum ya manta lambar gidansa, sai ku ce a rushe gidan? Ku gode wa Allah ba ta gan shi ba. Abin da ba ta gani ba, ba za ta iya sharewa ba. Wancan mai zurfin da za a kawo muku gobe, in ya sami hanya, ko ƙura ba zai bari ba."

Ta kwance akwatin ta sa sabon batir, abin da bai kai girman ƙwallon dabino ba. Na fara hamdala, ta ɗaga mini hannu. Ta ce saura a gaya wa kwamfutar girman faifan da yadda aka tsara shi, lambobi uku ne, kuma wannan tsohuwa ba irin sababbin ba ce da ke tambayar faifan da kansu. Ta duba jikin faifan, babu lambobin. Ta ce ba da shi aka ƙera ta ba, wani ne ya dasa mata shi daga baya, kuma sai an sa ainihin lambobin da shi mai dashen ya sa. In aka yi ta cinke, ana iya dacewa bayan mako, ana iya ɓata abin da ke ciki.

"Amma masu wannan aiki ba sa yarda da ƙwaƙwalwarsu," in ji ta. "Suna rubutawa su manna a jikin akwati. Ba ka ga wata 'yar takarda ba da ka saye ta?"

Ta shafa gefen akwatin, yatsanta ya tsaya daidai inda na goge da kananzir. Wurin har ya fi sauran jikin haske.

Ban san yadda na koma Sabo ba. Na tarar da mahaifiyarku tana shanya barkono. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, har da ɓamɓarewar, har da jefarwar, domin wanda ya riga ya faɗi ba ya tsoron ƙasa ta ɓata masa riga.

Ku da kuka tashi a gabanta kun san halinta da takarda. Karatun allo ta yi, ba ta yi boko ba, kuma a wurinta duk abin da aka rubuta ba a barin sa a ƙasa, kada ya zama da sunan Allah a ciki a taka. Duk guntun da ta tsinta sai ta kakkaɓe ta jefa a gwangwani. Na sha yi mata dariya. Na taɓa kawo mata tsofaffin takardun jarrabawa ta riƙa ƙunshe daddawa, ta ce a'a, a ajina akwai Abdullahi akwai Abdurrahman, ba za ta naɗe daddawa da sunansu ba. Na ce Turanci ne, ta ce Abdullahi ko da Turanci Abdullahi ne. Kowace shekara, ana saura mako guda azumi, takan juye gwangwanayen a wuri mai tsarki ta ƙona, ta binne tokar. Kuma azumi ya riga ya wuce tun bayan sayen kwamfutar. Wannan lissafin na gama yi a kan turmin, shi ya sa ban ma tambaye ta ba.

"Mai gida-gida kamar hatimi?" ta ce.

"Ita."

"Ai na ɗauka laya ce mai ita na farko ya sa. Na ce wannan ko ba sunan Allah, ba abin takawa ba ce."

"An ƙona ke nan."

"Wa ya ƙona? Bana da Baba a kwance, ina dama kunu ina wankin zanen gado, yaushe na sami sukunin ƙona takarda? Tashi ka ba ni turmina, ka shiga ɗaki ka sauko da na bayan kwalla."

Gwangwani uku ne manya, irin na madarar gari, cike taf. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka juye. Tikitin mota, takardar magani, yagaggen kalanda, wasiƙar da Nasiru ya rubuta wa wata yarinya ya fasa bayarwa, wadda na karanta na kuma gyara mata kuskure biyu a zuciyata. Na yi ta warware su ɗaya bayan ɗaya. A gwangwani na uku, can ƙasa, mahaifiyarku ta ɗago wani ɗan dunƙule da guntun salatif a jikinsa, ƙura ta manne masa.

"Ga layarka."

Kafin azahar ina Mokola. Iya Bose ta sa tabarau, ta miƙe takardar da gefen hannunta, ta buga lambobin uku, ta kashe ta kunna. Kwamfutar ta yi gurnaninta na kullum, wanda a ranar ya fi mini kowace waƙa daɗi, ta yi ƙara sau ɗaya tak, ta buɗe. Na nemo rubutun. Layin farko ya fito fari a kan baƙi, da bisimillar da Baba ya sa na fara da ita, sannan: sunana Isiyaku, kuma abin da zan faɗa ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗaliban Iya Bose suna ta ƙwanƙwasa injinansu, ni kuwa ina tsaye da babbar riga ina kuka kamar an kore ni daga makaranta.

"Pele, sannu Malam," in ji ta. "Yi kukanka, amma matsa mini in buga shi a takarda kafin a ɗauke wuta."

Ta buga kwafi uku. A cikin tasi na karanta sunayen nan, karo na farko da na ji su da zuciyata. Ranar arba'in na karanta wa Malam Hudu da mutanensa. Da na zo kan sunan mahaifinsa sai ya rufe fuska da rawani, ya daɗe a haka, sannan ya ce tsohon ya rasu yana tambayar ko an ji labarin Isiyaku, kuma sun yafe duniya da lahira. Ya ninke nasa kwafin ya sa a aljihun ƙirji. Zumuncin da kuke yi da su yau, har Hadiza ta aurar da 'yarta can, daga wannan takarda ya fara. Ɗanlami kuwa ya zo da faifansa a ranar da ya yi alkawari, na ba shi shayi, ya tafi yana cewa dama shi ma batir ɗin ya fara zargi.

Daga baya na zauna na kwafe maganar Baba da alƙalami a littafi mai bango mai kauri, da ƙa da ɗa da ɓa kowanne da ƙugiyarsa. Yana cikin akwatina, a sama, ba a ƙarƙashin gado ba. A bangon ciki za ku ga 'yar takarda mai gida-gida a manne. Kada wani mai son tsafta a cikinku ya taɓa ta.

Jiya na karanta wa mahaifiyarku wannan babi don ta ji na biya ta haƙƙinta a gabanku. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Na jira ta ce wani abu a kan tulu da randa. Sai ta miƙa hannu ta nuna ƙarƙashin kujerata, inda wani shafi da na yi kuskure na yage ya faɗi.

"Malam," ta ce, "ɗauke wannan daga ƙasa."

Na sunkuya, da gwiwar nan tawa, na ɗauke.